Ranar da Na Toshe Wayar Hajiya

Wataƙila wasu abubuwan sun kwanta mini, amma ina jin cikin azumi ne, a gidan hayarmu na Gwarzo. Tsadar data ta sa mu 'yan haya muka haɗa kuɗi muka sa waifai ɗaya na intanet, sai ya koma tafiyar hawainiya. Ni mai digiri, mai tsoron 'yan damfara, na bincika na ga baƙuwar waya a kai. Na toshe ta, na fito tsakar gida ina shela: "Jama'a, na kama ɓarawon!"

Sai ga Hajiya mai gidan, wadda nake lallaɓawa ta sabunta mini haya, riƙe da wayarta. "Malam, tafsirina ya tsaya. Wane ɓarawo?"

Madam Rifkatu, malamar makarantar da ke ɗakin kusa da nawa, ta kama baki. "Haba Malam! Ni na ba ta lambar sirrin. A gidanta muke, a hana ta?"

Nan take na buɗe mata. Ban rasa ɗakin ba, kuma in ban yi kuskure ba, intanet ɗin ya yi gudu a ɗan lokacin nan. Har yau in Hajiya ta miƙo mini kunu, cewa take: "Na ɓarauniya ne, a bincika kafin a sha."

Wanda ya tuna ba haka ba, ya aiko mini da gyara. Ban da Madam Rifkatu, ita ƙari take yi.