A Sake Auna Mana Safiyanu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Cibiyar Tsinto Dogaye ta Ƙwallon Kwando, Yamai, ma'abocin ma'auni da alƙalami, mai gane ɗan wasa tun yana goye a bayan uwarsa. Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar iyali, da ban gajiyar ma'aikatanka da suka taso tun daga Yamai har Damagaram don su duba mana yaro. Ni ce Kaltuma Abba ta unguwar Birni, goggon Safiyanu mai riga lamba bakwai. Ni na riƙe shi tun rasuwar ubansa, ƙanena, saboda haka duk halin da kuka gani a jikinsa, ni na dasa, ni na yi ban ruwa.

Sakamakon da wakilinka Mushe Faruk, wato Malam Faruk a Faransance, ya rubuta ya iso. 'Yata Zuwaira ta juya mini shi daga Faransanci, na sa ta sake juyawa ko karon farko ne bai dahu ba. An ce Safiyanu ba ya cikin yaran da motarku za ta kwasa zuwa Yamai bayan Sallah. Tun ranar ya tura ƙwallonsa ƙarƙashin gado, yana kuma barin saura a kwano. Mai Girma, ba ka san cin Safiyanu ba, shi ya sa maganar ba ta girgiza ka ba. Mu nan sai da maƙwabta suka shigo dubiya. Don haka nake neman izinin gabatar da 'yan ƙorafe-ƙorafena cikin ladabi.

Na ɗaya, batun tsawo. An rubuta mita ɗaya da santimita saba'in da tara. Wane Safiyanun? Wanda matan unguwa suka kawo ƙararsa cewa yana wucewa ta lungu ana ganin kansa ta bisa katanga suna tsakiyar wanka? Ina wurin aka yi awon, ina zaune bakin filin wasa da tabarmata. Mushe Faruk dattijo ne mai furfura a gemu, kuma Allah bai tsananta masa tsawo ba. Da aka kira yaron, tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya rusuna. Mushe ya ce, "Miƙe, yaro!" Ya ce, "Na miƙe, Baba," ya ƙara yin ƙasa. Haka aka ɗora masa ma'auni, aka rubuta. To, so kuke ya tsaya ƙerere a kan dattijo yana leƙen tsakiyar hularsa? Abin da kuka auna tarbiyya ce, kuma na gode da ta kai har mita ɗaya da saba'in da tara.

Na biyu, an rubuta cewa hannunsa na hagu ba ya aiki. Wannan yabon ya sa ni ƙwalla. Bahago aka haife shi, Mai Girma. Shekara da shekaru ni da muciyata muna aiki a kan hannun nan har ya san matsayinsa. Yanzu in zai miƙa wa abokin wasansa ƙwallo, da dama yake miƙawa, hagu na tallafe da gwiwar hannu, yadda ake miƙa wa mutum abu. Sakamakon ya ce kafin ya gama wannan shirin an fizge ƙwallon. Gaskiya ne, na gani da idona. Amma yaron da aka fizge wa abu ake hukuntawa, ko wanda ya fizga? Me ya sa ba a nemi iyayen waɗancan ba?

Na uku, an ce bai iya tare hanya ba, kowa wucewa yake ta gabansa ya jefa a kwando. Ba kowa ba ne, mutum ɗaya ne. Kun haɗa yaran gwajin da manyan 'yan wasan gari, kuma wanda aka ce Safiyanu ya tsare shi ne Sha'ibu, mijin yayarsa Zuwaira. Da Sha'ibu ya taho da gudu, yaron ya matsa gefe ya ce, "Bismilla, Yaya." Da Sha'ibu ya jefa, yaron ya ce, "Allah ya sa ta shiga." Ta kuwa shiga. Sau ɗaya da ta ƙi shiga ta faɗo hannun Safiyanu, ya bi shi ya mayar masa da kayarsa, tun da shi ya zo da ita. Mai horar da su ya cire hula ya buga da ƙasa, ni kuwa a tabarmata ina ta sa albarka.

Na huɗu, wai ba shi da ƙarfin zuciya domin ba ya kallon mai horarwa cikin ido. A Yamai haka yara suke yi? Allah ya kyauta.

Na biyar, gurbin da aka ware don abubuwan da ya iya. Zuwaira ta duba gaba da baya, abin da ta samu shi ne tsafta da zuwa a kan lokaci. Ba mu raina ba. Amma da Mushe Faruk ya tambayi ko mai sayar da ruwan sanyi a bakin filin, da an ba shi labarin ranar da 'yan Gidimuni suka zo.

Ka sani, Mai Girma, mu asalinmu Barno ne, Barebari ne gaba da baya. Tsakaninmu da Fulani kuwa wasa ne tun kaka da kakanni, babu kunya, babu rusunawa, ko da mai furfura ne. Ran nan 'yan Gidimuni suka zo da wani dogon Bafillace, Suma'ila, da 'yan uwansa. Tun kafin a busa usur ya dubi yarona ya ce, "Babarbare, wa ya aiko ka nan? Je ka riƙe mini takalmi." Sai na ga Safiyanu yana warwarewa kamar tabarmar da aka daɗe da naɗewa. Ya tare, ya fizge, ya tsallake mutum biyu, har hannun hagun nan ya fito daga ritaya, na kau da kai na yi kamar ina gyara mayafi. Duk ƙwallon da Suma'ila ya jefa sai Safiyanu ya make ta a sama ya ce, "Kai Bafillace, wannan ba ƙwaryar nono ba ce, koma ruga!" Daga ƙarshe ya daka tsalle ya danna ta a kwando, ƙarfen ya sunkuya, kuma har yau a sunkuye yake, kowa na iya zuwa ya gani. Da aka tashi, su biyun suka sha fura a ƙwarya ɗaya suna zagin kakannin juna.

Saboda haka roƙona ba mai yawa ba ne. A sake gwajin kafin motar ta tashi. A turo mai awo Bafillace, tsoho ko yaro duk ɗaya ne. A fitar da Sha'ibu daga fili, ni zan riƙe shi a tabarmata. Game da gaba kuma, tun da na ji kuna kai yara har ƙasashen Turawa, a bincika mini ko akwai Fulani a can. In babu, na yi magana da Suma'ila, ya ce a shirye yake ya bi shi ko'ina, ya zauna a benci yana zaginsa. Shi ma ya iya wasan ba laifi, gwargwadon Bafillace.

Saura abu guda. Jiya da hantsi na kira yaron zaure na ce ya miƙe tsaye a gabana, sosai, yadda Allah ya yi shi. Ya ce, "Goggo, ba zan iya ba." Na shiga ciki na ɗauko ƙwarya na ɗora a ka, na ce to yau ni Bafillata ce, nono na kawo. Ya yi dariya, ta farko tun zuwan takardarku, ya miƙe, kansa ya daki azarar zaure har ƙasa ta zubo mana. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa. Shekara goma sha bakwai ina ciyar da yaron nan, tsakiyar kansa kawai na sani. Jiya na fara ganin haɓarsa, ashe ta ubansa ce sak. Na yi kuka, Mai Girma, ba zan ɓoye maka ba, na kuma ce masa ƙasar azara ce ta faɗa mini a ido.

Yanzu haka yana da ƙulu a tsakiyar ka. In mai awonku ya iso kafin ya sace, a cire santimita biyu, mu ba ma cin abin da ba namu ba. Sauran duka nasa ne, a rubuta masa.

Taka mai biyayya, wadda za ta ci gaba da rusunawa a madadinsa,

Kaltuma Abba,
Goggon mai lamba bakwai,
Birni, Damagaram.