Ranar da Na Ɗaure wa Yaya Sale Inji

Ranar da na sayo sifana mai awo a Dutsin-Ma, ko abinci ban tsaya ci ba don murna. Mai shagon ya ce ga araha ga inganci: da zarar noti ya ɗauru daidai, za ta yi ƙas.

Na zarce Kurfi, inda yayana Sale yake haɗa injin motar da zai kai dawa kasuwa da ita washegari.

Na ce, "Yaya, matsa gefe. Zamanin ɗauri da ka ya wuce!"

Maƙwabta suka taru. Ina jan sifana ina yi musu lacca kan yadda hasashe ke kashe injuna. Ashe tuni ta yi ƙararta, surutuna ya danne. Na ƙara dagewa iya ƙarfina.

Ƙas!

Na daka tsalle. "Kun ji? Wannan shi ne ilimi!"

Yaya Sale ya matso kusa da injin. Ya sa yatsu biyu ya ɗago kan notin, a guntule.

Motar ba ta ga kasuwa ba. Har yau, ko rake wani ya karya a Kurfi, sai an waiwayo ni: "Injiniya, ya ɗauru?"