Rasuwar Kwamfutar Shagon Hotona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da na rasa inda zan sauke shi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar kwamfutar shagon hotona, wadda ta cika ranar Talata da rana a kan teburin mai gyara.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha zafin shago da ɗaukewar wuta ba ta taɓa ƙorafi ba, in ban da 'yar "fuuu" da fankarta ke yi idan aiki ya yi yawa. Ta goge ƙuraje a fuskokin da ba su ƙirguwa, ba ta tona asirin kowa ba. Na kula da ita iya ƙoƙarina: kalmar sirri mai tsawo, maganin bairos mai rai, kuma duk Asabar nakan kwashe hotuna in zuba a wani faifan ajiya in kulle a durowa.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da na tafi ɗaukar hoton ɗaliban da suka gama makaranta, na bar matata a shago. Sai ga yayana ya shigo kallon ƙwallo. Ya nemi kalmar sirri, ta yi ɗan jim.

"Ni za ki ɓoye wa? Ni na goyi mijin naki fa," in ji shi.

Ta ba shi. Ya shiga wani shafi mai alkawarin wasa kyauta, aka ce sai ya sauke wata manhaja. Marigayiyar ta yi ta kuka, "ƙiit, ƙiit," tana gargaɗi da jan rubutu. Yaya ya ce ta cika surutu, ya kashe maganin bairos ɗin. Bai tsaya nan ba, ya buɗe durowa ya jona faifan ajiyar, wai zai tara wasannin a ciki.

Da na dawo, babu hoton da ke buɗuwa, na cikinta da na faifan duka. Sai saƙon wasu ɓarayi a fuskarta, wai in biya su kafin su saki. Mai gyara ya ce ko na biya ba lallai su saki ba. Ya yi iya yinsa, ya zare gilashinsa, ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar firinta, da maus mai ciwon ƙafa, da caja. Ta kuma bar wata dattijuwa da ke zuwa kullum karɓar hoton mijinta, na ƙarshe da aka ɗauke shi a duniya. Har yau ce mata nake, "Mama, ki ƙara haƙuri." Na kasa faɗa mata gaskiya.

Yaya ya zo gaisuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kayan zamani ba su da ƙarko." Na ce, "Haka ne, Yaya," saboda yaya ne.

Za a yi mata wanka gobe da safe a shagon mai gyara, a goge cikinta tas, a rufe ta a kwalinta a ƙarƙashin kanta. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma kada kowa ya zo da filas ɗin da ake jona wa kwamfuta. Wanda duk na taɓa tura wa hotonsa a waya, don Allah ya dawo min da shi. Wadda za ta gaje ta kuwa, ko matata ba za ta san kalmar sirrinta ba. Matar tawa da kanta ta roƙi haka, don Yaya ya riga ya tambayi ranar da za a kawo ta.