Hajiya Saratu Ta Iya Jawanci

"Lafiya lau, ya hanya? Wai me kake ta faɗa tun daga zaure, ko aljanun Yamai ka kwaso mini?"

Hajiya Saratu ce ke tambaya, tana zaune a tsakar gidanta na Matamaye tana ɓarar gyaɗa. Jikanta Abdurrazak ne ya shigo, daga Yamai yake. Ya sami konje, wato hutun aiki, zai kai matarsa Jamilatu hutu tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, shi ne ya biyo yi wa kakarsa sallama. Wata biyu ya yi yana koyon yaren mutanen a salula, kuma so yake kowa ya sani.

"Selamat pagi na ce, tsohuwa. Ina kwana ke nan. Wannan ilimi ne, ba ƙidayar kaji ba."

"Pagi da azahar? Siang ake cewa, mijin banza."

Ya san ta yi shekara bakwai a Makka da marigayi kakansa, amma ya ɗauka haƙorin zinariya kaɗai ta dawo da shi. Ta ce maƙwabtanta duk 'yan Jawa ne, mutanen Indunusiya, da su take cefane tun uwarsa tana rarrafe.

Sai ya sauya dabara. Ya ce na Jawa daban, na Bali daban, ta fassara "matur suksma" in ta isa.

"Matar wa? Daga zuwa sai neman matan mutane?"

Ya ce "na gode" ke nan, kuma ga shi an gano iyakar malantar. Ta ce ina zai san godiya da yaren wasu, shi da bai taɓa yi mata da Hausa ba. Ya ce bai ga abin godiya a tuwon da ke karya cokali ba. Ta ce da tuwon aka gina wannan ƙaton kan da ko hula ba ta zama.

Nan ya gyara zama ya shiga cika baki. Za su kwana bakin teku, za su hau jirgin ruwa, ita kuwa ko rafin rake na bayan gari tsoro yake ba ta. Ranar farko ma ya yi wa Jamilatu alkawarin abincin da aka fi yabo a tsibirin, wai shi babi guling.

Hajiya ta ajiye faifai. "Sake faɗa."

Ya sake faɗa, har da jan murya.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da ya miƙa mata ruwa.

"Babi alade ne, Abdurrazak. Gasasshen alade za ka ciyar da Jamilatu, ɗiyar limamin Dungu?"

Ya ce sharri ne irin na tsofaffi. Ya latsa salula, hoton ya fito, dabbar kwance a faranti har da kunnuwa. Ya kife salular a cinya, ya yi a'uziyya sau uku.

Ta ce gobe kasuwa, kuma 'yan Dungu ba sa fashin zuwa, sai sun ji labari.

"Haba amaryata, ni da ke? Ki rufa mini asiri."

"Ɗazu tsohuwa, yanzu amarya."

Ya zaro kaye da bik na rubutu daga jaka, ya sauko daga kujera ya zauna kan tabarma. Ta sa shi ya rubuta "saya tidak makan babi", wato ba na cin alade. Ta ƙara masa ayam, kaza, da ikan, kifi. Duk inda harshensa ya karkace sai ta jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Da ya gama ya tambayi ladan malama. Ta ce akwai wani zane mai ruwan ƙasa da zanen tsuntsaye da maƙwabciyarta ta Makka, Rahma, ta ba ta ranar rabuwa, ta ɗaura shi har ya mutu. Irinsa take so.

"Biyu zan kawo," in ji shi.

Ta tura masa kwanon gyaɗar gabansa. "Kai wa Jamilatu. Kai ka ci ɓawon."