Yadda Za Ki Raba Mijinki da Filtar da Ake Wankewa

'Yar'uwata mai goyo, matso kusa. Idan maigidanki yana da mota, kuma ya fara zancen wata filtar iska wadda wai ba ta mutuwa, wannan darasi naki ne. Ki bi matakan nan a jere, na ba ki tabbaci da hannunsa zai sa filtar takarda a motar, ya kuma rantse shawararsa ce tun farko. An gwada a gidan Selina matar Tizhe, a Lokuwa, kuma kowa yana raye.

Mataki na 1: Ki san abin da ya shigo gidanki

Filta ita ce hancin inji: iska ta wuce, ƙura ta tsaya. Iri biyu ce. Akwai ta takarda, in ta yi baƙi a jefar a sa sabuwa, kamar famfas. Akwai ta yadi da raga, a wanke, a shanya, a shafa mata mai, a mayar, kamar nafkin. Duk uwa ta san wanne ke cinye wa mutum yini.

Tizhe ta yadin ya sayo a Yola. Ya shigo rungume da kwalin a ƙirji, ya wuce jaririyarsu Miracle tana miƙo masa hannu, ya ce, "Maman Miracle, zo ki gani. Wannan sai dai mu mutu mu bar wa yarinyar nan gado."

Idan naki ya faɗi haka, ki ce an gode. Masu hikima sun ce ba a ƙwace ƙashi a bakin kare ranar da ya tsinto shi.

Mataki na 2: Kada ki kawo hujja

Selina ta kawo. Ran Asabar ta tarar da shi durƙushe gaban bahon wankan Miracle, yana gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu.

"Baban Miracle, bahon yarinya ne fa!"

"To ai shi ya sa. Shi kaɗai ne mai tsabta a gidan nan."

Ya wanke filta a hankali, ya ce ba a cuɗa ta, ba a matse ta, ba a nuna mata rana. Ya rataye ta a inuwa, tsakiyar igiyar shanya, ya tura rigunan Miracle gefe. Ki riƙe wannan da kyau: muddin filta tana kan igiya, mota ba ta motsi. Jiƙaƙƙiya ba ta shiga inji, kuma inji ba ya fita babu ita. Da damina kuwa, abin da aka shanya a inuwa sai ya ga dama yake bushewa.

Mataki na 3: Ki tuna dalilinki

Wata safiya ana yayyafi Miracle ta tashi jikinta rau, numfashi yana fita da ƙyar. Mota tana tsakar gida, an buɗe bonet kamar bakin kada. Tizhe ya taɓa filta, ya taɓa goshin yarinya, ya sake taɓa filta, idonsa ya yi ja.

"Da saura," ya ce.

Selina ta goya 'yarta, ta yafa leda, ta taka taɓo har bakin titi, keke yana wucewa cike da ɗalibai, wani yana bin wani. Yarinya ta samu sauƙi, mun gode Allah. Amma a bencin asibiti Selina ta yi wa kanta alkawari: ba za ta ƙara tsayawa a ruwa da yarinya ba alhali akwai mota a gidanta.

Ke ma ki sami bencinki. Sai da shi sauran matakan ke ci.

Mataki na 4: Ki fi shi son ta

Ana cewa in ka cika wa mutum abu, zai gundure shi. Selina ta saƙa wa filta hular ulu. Ta ɗaura mata gidan sauro a kan igiya. Da matan zumunta na coci suka zo duba Miracle, ta ce su leƙa igiya su gaida ƙanwar yarinyar, suka leƙa, wata har ta ce ta yi kama da babanta.

Tizhe ya dawo ya gani, sai ya share ido ya ce, "Ashe kin fahimce ni."

Wannan mataki ba ya aiki. Na sa shi ne don kada ki ɓata ulunki.

Mataki na 5: Ki sayi ta takarda, ki ɓoye

Ki je wurin masu kayan mota da kanki. Selina wurin Gabdo ta je, ta faɗi irin motar, ya miƙo mata.

"Madam, wannan ba ya son wanka, ba ya son mai. Ya tsufa, ki jefa shi. Da ma haka mutane suke, da duniya ya yi sauƙi."

Ki ɓoye ta a ƙasan kwandon nafkin. Babu namijin da hannunsa ya taɓa kaiwa can.

Mataki na 6: Ki gayyato surukarki

Ki zaɓi ranar wanki, bayan an ɗauraye filta tas, kafin a shafa mata mai. Ki sauke ta daga igiya ki kife ta cikin kwanuka. Sauran aikin ba naki ba ne.

Mama, mahaifiyar Tizhe, ta sauka daga mashin ɗin Vimtim da ƙullin gyaɗa. Ta shiga kicin, ta ɗaga filta, ta leƙa ta gaban haske, ta gyaɗa kai. Tizhe ya fito daga wanka ya tarar tana tace gyaɗar kunu, ruwa yana zuba fari sol. (Kunun nan kada yaro ya sha. Ki ce yarinya ta ƙoshi. Ki bar manya da abinsu.)

"Mama! Ta mota ce!"

"Na sani, ba makauniya ba ce ni. Shekara nawa ina ce ka sayo mini mataci?"

"Mama, daga Yola fa..."

"Motar ce ta haife ka?"

Abin da uwa ta ɗora wa hannu, ɗa ba ya karɓewa. Da yamma filta ta hau mashin cikin buhun Mama, Tizhe yana ɗaga mata hannu har ta sha kwana.

Yanzu ki bar ta takarda a kan kujerarsa, kamar daga sama ta faɗo. Tizhe ya juya ta, ya yi tsaki, ya sa, mota ta tashi nan take. Ran Lahadi a ƙofar coci aka ji shi yana cewa, "Ni da ma na daɗe ina faɗa, ta takarda ta fi."

Mataki na 7: Ki shirya wa nasara

Labari ya bazu cewa motar Tizhe kullum a shirye take. Kawunsa ya aiko a kwaso masa buhunan gyaɗa. Wani ɗan'uwa yana da amarya a Kolere. Wani kuma akuyarsa ce ba ta da lafiya. Ranar allurar rigakafin Miracle, Selina ta fito da goyo, tsakar gida wayam, sai sawun taya.

Da Tizhe ya dawo, mota tana warin akuya, ya zube a tabarma.

"Maman Miracle, kin zaci ban san ta takarda ta fi sauƙi ba? Da, duk wanda ya zo aro, igiya nake nuna masa. Ba wanda ke jayayya da abu jiƙaƙƙe."

Washegari Selina ta hau mashin zuwa Vimtim, ta durƙusa gaban Mama har ƙasa. An daidaita: Mama za ta tace kununta da sassafe, ta aiko da filta. Yanzu ta takarda tana cikin inji tana aiki, ta yadi tana kan igiya tana ɗiga, Selina kuma tana kusa da kofin ruwa, kada ta kuskura ta bushe. Kawu ya zo jiya, ya kalli igiya, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi neman keke. Yana shan kwana aka kai Miracle allurarta a kujerar baya.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba bakanike ba ce, uwa ce. Ba ruwanta da injin da ya shaƙe, ko kunun da ya yi ɗanɗanon titi, ko kawun da ya gano gaskiya. Idan surukarki ta ƙi ba da aro, tsakaninku ne.