Kwamfutar Ranka-Ya-Daɗe Ta Shanye Mana Wuta

Jiya da hantsi Kawu mai aski, maƙwabcina, ya leƙo shagona riƙe da almakashi, bayansa ga wani bawan Allah da rabin kai a aske.

"Kai ɗan nan, ko ka kashe dodon nan ko in datse wayarka. Mita ɗaya muke sha, ba gadon gidanku ba ce!"

Dodon da yake nufi kwamfuta ce. Ni dai sana'ata buga wa mutane takardu da wanke hoton fasfo, da wata 'yar kwamfutar cinya da ta tsufa, sai na lallashe ta take buɗe ido. Amma baiwar Allah ba ta da ci; ko an ɗauke wuta takan kai ni azahar. Sai na ji manyanmu, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, suna gwanjon kwamfutocin da suka saya bara, wai sun gano suna zuƙar wuta, za a sayo masu tsimi. Ni da na tsere daga makaranta tun kafin lissafi ya yi tsauri, girman jiki na duba, ban tambayi cikinta ba. Na sungumo wadda ta fi kowacce ƙiba, ga fankoki ga fitilu kamar motar 'yan kwana-kwana.

Ina kunna ta ƙwan shago ya yi ja, injin askin Kawu ya kama tari. Katin wutar da ke kai mu wata, ko mako bai rufa ba. In kuwa Kawu ya datse wayar nan, shagona ya tashi.

Muna cikin cacar baki da Kawu jiyan nan sai ga ɗaya daga cikin manyan, Mai Girma Uban Tsimin Wuta, da jerin motoci, duk an bar su a kunne don kada sanyin ciki ya gudu. Wai ya zo wayar mana da kai: mu talakawa ne ke durƙusar da ƙasa da cajin waya. Yana tsaka da huɗuba idonsa ya faɗa kan dodo.

"A'a! Wannan ai ta teburina ce. Ga shatin kofin shayina nan a kanta." Ya matso ya saurari gurnaninta. "Ikon Allah! Ashe tana kamawa?"

"Ranka ya daɗe, ba ka taɓa kunna ta ba?"

"In kunna ta in yi me? Ina da sakatare."

"To sabuwar fa, tana da tsimin?"

"Ƙwarai kuwa. Tana nan cikin kwalinta."

Kawu bai jira ƙarshen jawabi ba, ya miƙa hannu ya zare fulogi. Nan take injinsa ya warke, mai rabin kai ya yi hamdala.

Na koma wa tsohuwar kwamfutata na ba ta haƙuri. Dodo kuwa na kwantar da shi na shimfiɗa masa tsumma, masu jiran hoto suna zama a kai. Tun jiya ko ɗigon wuta bai sha ba. Ku daina zagin manya, jama'a. Sun fi mu sanin yadda ake aiki da kwamfuta.