Na Gode wa Mai Girma Ban Sani Ba

Jiya na yi sammako daga Kusasu zuwa cikin gari karɓar takina, aka ce ai na riga na karɓa. Na ce yaushe? Akawun ofis ya juyo mini da kwamfuta. Ga imel daga gare ni, ni Abarshi, ina gode wa Mai Girma Uban Manoma saboda takin da ya ishe ni har na raba wa maƙwabta. Alhali masarata tana can ta yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara.

Bari in koma baya. Bana Mai Girma, Allah ya ƙara masa basira, ya ce an daina layin taki. Za a turo wa kowane manomi kirifto, wato kuɗin intanet, a waya, ya kai wa dila, in ya karɓi buhu ya aiko da imel mai sa hannun sirri. Susan 'yar maƙwabcina Gabriel, wadda ta daɗe a harkar kirifto, ita ta zaunar da mu ta koya mana. Ta ce makulli biyu ne, wato wasu dogayen lambobi. Ɗaya na kowa, da shi ake rufe maka saƙo. Ɗaya naka kai kaɗai, da shi kake buɗewa, da shi kake sa hannu.

"Na biyun nan, Baba, ko Inna kada ka nuna wa."

Na bi umarni. Kwana uku matata Huraira tana ajiye mini tuwo ba sannu.

Ana nan sai ga sanarwa: saboda tsaro, kowa ya kai makullinsa na sirri ofis, fotokwafi uku, da hoton fasfo. Susan ta hau acaɓa ta je ta sami shugaban ofis.

"Yallaɓai, in kun karɓa ai ya tashi daga sirri!"

"Ke yarinya, sirrin hukuma ya zama. Girma aka ƙara masa."

Muka kai. Abin da na hana uwar 'ya'yana, na miƙa wa baƙo har da rusunawa. Bayan sati suka liƙa makullan duka a allon sanarwa, wai don kada a zarge su da ɓoye-ɓoye. Mai shayin bakin ofis ma da na wani ya naɗe mini burodi.

To shi ne jiya na ce wa akawu ban ga ko ƙwayar taki ba.

"Baba, wannan sa hannun ba ya ƙarya. Kimiyya ce."

Bappa makiyayi yana bayana. Shi gona ma ba shi da ita, amma ya gode sau biyu. Marigayi Muttaka, da muka binne tun kafin azumi, tasa wasiƙar ta fi ta kowa tsawo, har yana roƙon Mai Girma ya zarce.

Na ce zan kai ƙara. Aka ce in rubuto a rufe da makullin ofis. Susan ta rufe mini, muka hau tudu neman sabis, muka tura. Na dawo jin amsa, akawu ya yi ƙasa da murya:

"Namu makullin na sirri ya ɓata tun ranar da aka buɗe shirin. Ba abin da muke iya karantawa."

Shi ya sa, jama'a, ranar Asabar za a karrama Mai Girma a matsayin shugaban da ba a taɓa jin kuka a kansa ba. Ni dai kashin shanun Bappa na kwasa na zuba wa masara. In kun ga sunana cikin masu taya murna, ku karanto mini, in ji ko na iya magana.